Darasi na 11: Faɗuwar Masarautar Buhara

Babu almajirin ilimi a ƙasar Hausa da bai san sunan Buhari ba. Littafin hadisin nan da ake karantawa a zaurukan malamai, in an sauke a yi walima, Imam Muhammadu ɗan Isma'ila ne ya tara shi, shi kuwa an haife shi a shekarar 810 a wani birni na tsakiyar Asiya da ake kira Buhara. Birnin yana nan har yau a ƙasar Uzbekistan. Abin da ba kowa ya sani ba shi ne, har zuwa 1920 Buhara masarauta ce ta Musulmi, da Sarkinta da wazirinta da alƙalin alƙalanta da hakimanta, kuma cikin kwana huɗu sojojin 'yan kwaminisanci na Rasha suka kawo ƙarshenta da igwa da jirgin sama.

Ga tambayar da nake so ku riƙe a zuci yayin da muke karatu. Akwai wasu 'ya'yan birnin, 'ya'yan malamai da na attajirai, waɗanda suka fara da roƙon Sarki ya bari a buɗe makarantu, ya kuma daidaita haraji. Yaya aka yi suka ƙare suna biye da rundunar da ta ƙone garinsu?

Sarki a inuwar wani sarki

Gidan da ke sarautar Buhara ana kiransa Mangit, kuma tun 1785 sarakunansa ke amsa sunan Amir. Ƙasarsu ta ratsa yankunan da yau suke cikin Uzbekistan da Tajikistan da Turkmenistan. Wasu mutanenta Farisanci suke yi, wasu harsunan Turkawa, akwai kuma tsohuwar unguwar Yahudawa a cikin birni. Fadar Sarki tana kan wani tudu mai ganuwa da ake kira Ark. Daga can ana hango hasumiyar Kalon, wadda aka gina a 1127, tsayinta ya haura mita 45, da makarantar Mir Arab da ke kusa da ita tun ƙarni na 16. Ɗalibai kan zo neman ilimi daga nesa, har daga ƙasar Tatar da ke can cikin Rasha.

A 1868 Sarki Muzaffar ya gwabza da Rasha, ya sha kashi. Janar Kaufman ya ci Samarkand, ya tarwatsa rundunar Sarki a tudun Zirabulak. Rashawa ba su tuɓe shi ba. Sun ɗora masa tara, sun sa ya buɗe wa fatakensu kasuwa, sun riƙe Samarkand, sannan suka bar shi a kan gadonsa. Riƙe Samarkand ɗin nan ba ƙaramar dabara ba ce, domin kogin Zarafshan da ke shayar da gonakin Buhara ta can yake gangarowa, mai riƙe da kan kogi kuwa in ya ga dama ya tare ruwa. Wata yarjejeniya ta 1873 ta ƙara ɗaure Sarki tamau.

Ku da kuka karanta tarihin Arewacin Nijeriya bayan 1903 za ku gane wannan tsari: Sarki na kan karaga, Bature na gefe. Sai dai akwai bambanci guda mai muhimmanci. A nan Turawan Ingila sun shiga har cikin aljihun masarauta, suka kafa Baitulmali, suka yanka wa Sarki da hakimai albashi. A Buhara Rashawa ba su damu da yadda ake mulkin talaka ba, muddin kan iyaka na lafiya, auduga kuma na isa masaƙun Mosko. Saboda haka Sarki ya wayi gari ba ya tsoron maƙwabci, ba ya tsoron hakimin da zai yi masa tawaye, domin igwar Rasha na bayansa. Tsoron da kan sa mai mulki ya sassauta wa jama'arsa ya ragu ƙwarai.

Jirgin ƙasa ya iso a 1888, amma ba a shigar da shi birni ba. An ajiye tashar a Kagan, tazarar kilomita goma sha wani abu, nan kuwa wani garin Rashawa ya tsiro, da bankuna da injinan gurzar auduga da barikin soja. Ku riƙe sunan Kagan, zai yi ta dawowa. Ta wannan hanya auduga ke fita, da fatar karakul, wato fatar jinjirin tunkiya mai nannaɗaɗɗen gashi wadda attajiran Turai ke yin hula da kwat da ita. Sarki da kansa yana cikin manyan dillalan wannan fata. Sarki Abdul'ahad, wanda ya yi mulki daga 1885 zuwa 1910, ya gina gidan hutu a Yalta, ya ba da kuɗi masu yawa don gina masallacin San Fitasbag, babban birnin Rasha a lokacin, har jirgin ruwan yaƙi ya saya wa Rasha aka sa masa sunan sarautarsa.

Ɗansa Muhammadu Alim Han shi ne Sarki na ƙarshe. An haife shi a 1880, yana ɗan shekara 13 aka tura shi makarantar soja a San Fitasbag. Akwai hotonsa mai launi da wani Barashe, Prokudin-Gorski, ya ɗauka a 1911, wanda in kun samu intanet ya kamata ku nema. Yana zaune a kujera a bakin wata ƙofar katako, mutum ne mai jiki, da farin rawani, da doguwar riga ta siliki shuɗiya mai zanen furanni, lambobin girma na Rasha a ƙirji, hannu a kan takobi. Wanda ya dubi hoton ba zai ce saura shekara tara a raba shi da gadon ba.

Abin da talaka ke gani

Hakimai da masu karɓar haraji a Buhara ba su da albashi. Daga jikin talaka suke ci, kuma duk shekara sai hakimi ya aika wa fada gaisuwa ta dawakai da riguna da kuɗi, in ba haka ba kujerarsa ta yi rawa. Ba a raba dukiyar ƙasa da ta Sarki ba, babu kasafin da za a duba a ce ga abin da ya shigo ga inda ya tafi. In manomi ya gama girbi, ba shi da ikon kwashe hatsinsa zuwa gida sai mai ƙiyasin haraji ya zo ya duba ya yanke, shi kuwa ƙiyasi a bakin mai yinsa yake. Abin da littafin fiƙihu ya ce daban, abin da ake karɓa a masussuka daban. Akwai ma wani harajin kasuwa da aka ƙago don yaƙi da Rasha, aka gama yaƙin, aka manta da soke shi.

A cikin birni kuwa, ruwan sha daga tafkunan dutse ake ɗiba, masu matakala har ƙasa. Mai ɗibar ruwa zai sauka da salkarsa, ya tsoma ƙafa, ya cika, ya bi gida-gida. Ruwan kan daɗe ba a sauya shi ba, don haka kurkunu ya zama ciwon gari. Matafiyan da suka ziyarci Buhara sun rubuta yadda wanzamai ke zaune suna jan zaren tsutsar daga ƙafafun mutane a hankali don kada ta tsinke. Dattawan cikinku da suka ga kurkunu a ƙauye sun san irin kwanciyar da yake sa manomi a tsakiyar damina.

Makarantun da birnin ke tinƙaho da su su ma sun gaji. Ɗakunan kwanan ɗalibai, waɗanda masu wakafi suka gina don Allah, sun koma haja, ana saye ana sayarwa, ɗan talaka sai ya yi wa mai ɗaki hidima kafin ya samu wurin shimfiɗa tabarma. Ɗalibi kan shekara goma sha biyar ko fiye yana bin sharhi a kan sharhi. Masu sukar tsarin sun yi ta kukan cewa a garin Imam Buhari tafsiri da hadisi sun koma baya.

A nan sai mu yi hattara. Mafi yawan wannan bayani ya zo mana ne daga alƙalamin abokan hamayyar Sarki, wasunsu kuma sun rubuta shi a zamanin Sobiyet, wato mulkin 'yan kwaminisanci da ya biyo baya, lokacin da ba mai iya yabon tsohon mulki ya kwana lafiya. Zaluncin gaskiya ne, domin 'yan ƙasa da baƙi duk sun shaide shi tun kafin faɗuwar masarautar. Amma jama'a ba su ɗauki Sarki a matsayin mai cin haraji kaɗai ba. A idon manomi da ɗan kasuwa, shi ne Sarkin Musulmi da ya rage a yankin da kafirai suka mamaye, kuma za mu ga sun fito sun mutu dominsa.

Masu neman gyara

Wanda ya fara buɗe baki shi ne Ahmad Donish, malamin fada da ya raka jakadun Sarki zuwa San Fitasbag, ya dawo ya rubuta shawarwarin gyara, fada ta yi biris da su. Ya rasu a 1897, amma rubuce-rubucensa sun ci gaba da yawo hannu-hannu. Daga baya wata sabuwar hanyar koyarwa ta ɓullo daga Kirimiya, ta hannun wani malamin Tatar, Isma'il Gasprinski. Ana koya wa yaro harafi da sautinsa, sai ya iya karatu da rubutu cikin 'yan watanni, ga Alƙur'ani da tauhidi, ga lissafi da labarin ƙasa, ana zaune a benci ana kallon allon bango. Masu bin wannan hanya su ake kira Jadidawa.

A 1908 wasu samari biyu, Abdulwahid Munzim da Sadriddin Aini, suka shiga gudanar da irin wannan makaranta don 'ya'yan Buhara. Malamai suka rabu biyu. Mufti Ikram ya ce bai ga haram a ciki ba. Mafi rinjaye suka ce bidi'a ce, zama a benci kwaikwayon kafirai ne, yaron da ya iya karanta jarida gobe zai raina malami da Sarki. A 1909 aka rufe makarantar. Irin wannan gardama ba baƙuwa ba ce a wurinmu, sai dai ku lura, waɗannan ba makarantun mishan ba ne, ba kuma na gwamnatin mallaka ba. Musulmi ne suka kafa su da kuɗinsu, sun fi kama da Islamiyyun da muka sani.

Da aka toshe musu ƙofa sai suka koma aiki a ɓoye. A 1910 suka kafa wata ƙungiya da ke tura yara karatu Santambul, babban birnin Turkawa a lokacin. Cikin waɗanda suka je har da Abdurra'uf Fitrat, wanda ya wallafa wani ɗan littafi mai suna Munazara, muhawara tsakanin wani Bature da wani malamin Buhara a kan sababbin makarantu, aka riƙa shigo da shi a sace. A 1912 jaridar farko ta fito, Buhara-yi Sharif, ba ta cika shekara ba aka rufe ta. A 1914 aka bi sauran makarantun aka kulle. Alim Han ya hau gado da alkawarin hana toshiya da gaisuwa, amma bai daɗe ba ya gane cewa zama lafiya da manyan malamai da fadawa ya fi masa sauƙi.

A ganina nan ne masarautar ta yi babbar asararta. Mutanen nan ba su nemi a tuɓe Sarki ba. Sun nemi makaranta, da jarida, da haraji mai ƙa'ida, da alƙalin da ba ya sayen kujerarsa. 'Yan kaɗan ne, ba su da soja, ba su da magoya baya a ƙauye. Da an ba su makarantun nan, da watakila sun tsufa suna koyar da yara.

Shekarar 1917

A farkon 1917, ana tsakiyar Yaƙin Duniya na Ɗaya, mutanen Rasha suka tumɓuke sarkinsu. Inuwar da Alim Han ke fakewa a ciki ta gushe dare ɗaya. Sabuwar gwamnatin riƙo ta matsa masa, a watan Afrilu ya fitar da sanarwar gyara: za a yi kasafin kuɗi, a daidaita haraji, a kafa majalisar birni, a buɗe maɗaba'a, a saki fursunoni. Jadidawa, waɗanda a lokacin ake kira Samarin Buhara, suka yi saɓani. Manyansu suka ce a yi haƙuri a bi a hankali. Masu zafin jini irin su Fitrat da Faizulla Hojayef, ɗan wani hamshaƙin attajirin karakul, suka ce a fita zanga-zangar godiya don a nuna ƙarfi. Suka fita washegari, suka ci karo da taron da ya ninka nasu sau da yawa, na malamai da ɗalibai da 'yan kasuwa masu kabbara suna cewa an sayar da shari'a. Fada ta juya baya ga sanarwarta. Aka kama waɗanda aka kama. Aini, wanda yana cikin masu cewa kada a fita, aka yi masa bulala 75, sojojin Rasha ne suka fito da shi daga kurkuku a galabaice suka kai shi asibitin Kagan. Sauran suka tsere can su ma.

Kafin shekarar ta ƙare sai 'yan Bolshebik, ƙarƙashin Lenin, suka ƙwace mulki a Rasha. Su ne 'yan kwaminisanci. Aƙidarsu, wadda suka ɗauko daga Karl Marx, ita ce tarihi kokawa ce tsakanin masu dukiya da masu aiki, kuma ma'aikata za su ƙwace ƙasa da masana'antu su mai da su na kowa, ƙarƙashin jam'iyya guda. Addini a wurinsu kayan aikin masu mulki ne da zai shuɗe. Buhara ba ta da ma'aikatan masana'anta da za a kirga, 'yan kwaminisancin yankin kuwa yawancinsu Rashawa ne, sojoji da ma'aikatan jirgin ƙasa da ke Tashkent. A watan Fabrairun 1918 waɗannan mutane suka afka wa birnin Kokand, inda Musulmi suka kafa gwamnatin cin gashin kai, suka kashe dubban mutane suka ƙone gari.

Samarin Buhara sun ji labarin Kokand. Duk da haka, bayan 'yan makonni, suka biyo shugaban gwamnatin Tashkent, Fyodor Kolesof, da sojojinsa zuwa Kagan, bisa tabbacin da suka ba shi cewa jama'a na jiran a taɓa ƙofa su tashi. Kolesof ya aika wa Sarki wa'adi ya miƙa mulki. Sarki ya nemi a ba shi lokaci, ya yi kamar ya amince. Wakilan da aka tura cikin birni aka kashe su. Jama'a suka tashi, amma a kan Kolesof: manoma da ɗalibai suka fito da sanduna da takubba da tsofaffin bindigogi, aka tumɓuke layin dogo gaba da baya. Da ƙyar ya tsira. Ranar 25 ga Maris 1918 aka sa hannu a wata yarjejeniya a Kizil-Tepe, inda 'yan Bolshebik suka amince Buhara ƙasa ce mai 'yancin kanta.

Wannan nasara ta zo wa Sarki da damar da ba ta sake dawowa ba, ya kuwa kashe ta a ramuwar gayya. Aka shiga farautar duk wanda ake zargi da Jadidanci, mai laifi da wanda aka gani da jarida kawai, har da Rashawa farar hula da ke zaune a tashoshin jirgi. Ƙanen Aini na cikin waɗanda aka kashe. Waɗanda suka tsira suka bazu Samarkand da Tashkent da Mosko, ba gida, ba dukiya, jinin 'yan'uwansu na tsakaninsu da fada. Daga ranar ba su da sauran mai karɓarsu sai 'yan Bolshebik. Wasunsu suka kafa Jam'iyyar Kwaminisanci ta Buhara a Tashkent a cikin 1918 ɗin.

Kwana huɗu

Shekara biyu Sarki ya samu yana numfashi, domin yaƙin basasar Rasha ya raba Tashkent da Mosko. Ya ƙara yawan soja, ya ƙara haraji a daidai lokacin da kasuwar auduga da karakul ta mutu. Ya nemi taimakon Ingila da Afganistan, abin da ya samu bai taka kara ya karya ba. A ƙarshen 1919 hanya ta buɗe, Jar Runduna, wato sojojin 'yan Bolshebik, ta iso da kwamandanta Mihail Frunze. A watan Fabrairun 1920 maƙwabciyar masarauta, Hiwa, ta faɗi.

Mosko ba ta so a ce ta ci ƙasar Musulmi da yaƙi, domin a lokacin tana zawarcin Turkiyya da Iran da Afganistan da sunan ita ce abokiyar waɗanda Turawa suka danne. Don haka aka shirya abin ya zama kamar tawayen cikin gida. Aka tilasta wa ɓangaren Hojayef da 'yan kwaminisancin Buhara, waɗanda ba sa ga maciji, su haɗa kai. A ƙarshen Agusta aka tayar da bore a garin Carjui da ke bakin kogin Amu Darya, masu boren suka nemi agaji, rundunar da ke jiran wannan kira tun tuni ta motsa.

Daga 29 ga Agusta aka fara. Jiragen ƙasa masu sulke suka tsaya a Kagan, igwa ta riƙa dukan ganuwar ƙasa, jiragen sama na sako bama-bamai a kan unguwannin da gidajensu ke manne da juna. Gobara ta ci kasuwanni da gidaje. Harsashin igwa ya ɓarke wani sashe na hasumiyar Kalon, mafi yawan gine-ginen cikin Ark suka ƙone. Sojojin Sarki da mutanen gari sun yi faɗa ƙofa-ƙofa, amma ranar 2 ga Satumba aka kafa jar tuta a kan fada. Sarki ya riga ya fice da 'yan rakiyarsa, ya nufi duwatsun gabas wajen Dushanbe, a farkon 1921 ya haye Afganistan. Dukiyar da ke taskar fada aka loda ta a taragon jirgi aka yi arewa da ita, sojoji kuma suka wawashe abin da hannunsu ya kai.

Jamhuriyar shekara huɗu

A watan Oktoba aka shelanta Jamhuriyar Jama'ar Buhara, Faizulla Hojayef ya zama shugaban majalisar ministoci yana ɗan shekara 24. Ya kamata a yi musu adalci: da suka samu dama sun gwada abin da suka daɗe suna faɗa. Sun buɗe makarantu, sun sa ido a kan dukiyar wakafi, Fitrat da ya riƙe ma'aikatar ilimi ya tura ɗalibai Jamus a 1922. Ba su rufe masallatai ba. Sun ɗauka ƙasarsu ce mai 'yanci, har da jakadu.

Amma kayan aro ba ya rufe katara. Sojojin da suka ɗora su ba su tafi ba, kuma ƙasar ce ke ciyar da su, ana ƙwace hatsi da dabbobi a ƙauyuka. Gabashin ƙasar ya ɗauki makami ƙarƙashin shugabanni irin su Ibrahim Bek. Rashawa suka kira mayaƙan Basmaci, wato 'yan fashi. Shugaban ƙasar da kansa, Usman Hoja, ɗaya daga cikin tsofaffin Jadidawa, ya ga abin ya ishe shi ya koma wajen masu tawaye a ƙarshen 1921, daga baya ya ƙare a Turkiyya. Anwar Pasha, tsohon ministan yaƙin Turkawa, ya zo Buhara da yardar Mosko, ya juya ya shiga tawayen, ya kama Dushanbe, aka kashe shi ranar 4 ga Agusta 1922. Mayaƙan ba su taɓa haɗa kai ba, masu son Sarki ba su yarda da Jadidawan da suka gudo wurinsu ba. Ibrahim Bek ya daɗe yana ja, sai a 1931 aka kama shi.

A 1923 Mosko ta sa aka kori Fitrat da wasu ministoci, aka ce 'ya'yan attajirai ne. A 1924 aka shafe jamhuriyar daga taswira, aka rarraba ƙasarta bisa harshe tsakanin Uzbekistan da Turkmenistan da yankin da ya zama Tajikistan. Buhara ta koma garin lardi. Abin da ya biyo baya ya wuce duk abin da malaman 1909 suka ji tsoro. Kafin 1930 an rufe kotunan alƙalai da makarantun addini, an ƙwace wakafi, an mai da masallatai da yawa ɗakunan ajiya, an ɗaure malamai an kashe wasu. A 1927 aka ƙaddamar da gangamin tilasta wa mata yaye lulluɓi, mata da yawa suka rasa rayukansu a hannun danginsu saboda sun yaye, waɗanda suka ƙi kuma hukuma ta takura wa mazansu. Aka sauya rubutu daga haruffan Larabci zuwa na Latin, a 1940 kuma zuwa na Rasha, har jika ya kasa karanta wasiƙar kakansa. Sai bayan Yaƙin Duniya na Biyu aka sake buɗe Mir Arab, ta daɗe ita kaɗai ce makarantar horar da limamai a duk faɗin Tarayyar Sobiyet.

Wannan mulki na Sobiyet dai shi ne ya kai makaranta ƙauye har yawancin jama'a, maza da mata, suka iya karatu, shi ne kuma ya kawar da kurkunu. Wani likita, Leonid Isayef, ya bi tafkunan birni ɗaya bayan ɗaya, aka yashe wasu aka cike wasu, aka kawo ruwan famfo, zuwa farkon shekarun 1930 ciwon ya ɓace. Ina faɗar wannan ne don ku ga cewa aikin ba gagararre ba ne. Masarauta mai taskar zinariya tana iya yin sa shekaru da dama kafin nan, ba tare da an rufe masallaci ko ɗaya ba.

Hojayef ya shugabanci gwamnatin Uzbekistan daga 1925 zuwa 1937. A watan Maris 1938, zamanin Stalin shugaban Tarayyar Sobiyet, aka gurfanar da shi a Mosko da sunan maci amana, aka harbe shi. Fitrat, wanda ya koma koyarwa da rubutu, aka harbe shi a Tashkent ranar 4 ga Oktoba 1938. Aini ya tsira, ya zama uban adabin Tajik na zamani, ya rasu a 1954. Alim Han ya zauna a Kabul yana cinikin karakul yana aika koke ga Majalisar Ƙawancen Ƙasashe, ba wanda ya amsa masa, ya rasu a can a 1944.

Aikin aji

Ku nemi taswirar Asiya, ku nuna Buhara da Samarkand da Tashkent da Dushanbe da Kabul, ku bi kogin Amu Darya da yatsa don ku ga inda Sarki ya haye.

Sannan ku rabu gida uku. Rukuni na farko su ɗauki matsayin fadawan Sarki a watan Afrilun 1918, bayan an kori Kolesof: wace shawara za ku ba shi game da Jadidawan da ke hannu? Na biyu su zama Samarin Buhara da ke gudun hijira a Tashkent a 1920, an zo muku da tayin Frunze: akwai wata hanya ban da karɓa? Na uku su zama manoman wani ƙauye da suka biya harajin Sarki bara, bana kuma sojoji sun kwashe musu hatsi. Kowane rukuni ya zaɓi mutum ɗaya ya yi bayani na minti biyar.

A gida, kowa ya rubuta shafi ɗaya a kan bambancin yadda Rasha ta bi da Sarkin Buhara bayan 1868 da yadda Ingila ta bi da sarakunan Arewa bayan 1903, ya kawo mako mai zuwa.